Martani: Ba Ƙungiyoyin Sa Kai Ne Suka Raba Mu Da Rumfar Zaɓe Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanan baya a kan ƙungiyoyin sa kai da siyasa, na kuma ga yadda matasa suka yi ta yaɗa shi suna jinjina masa. Malam ya iya alƙalami, kuma duk wanda ya karanta ya san kishi ne ya sa shi magana. Takaicinsa nawa ne. Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 93 a rajistar zaɓe, a ce ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su cika miliyan 25 ba, ai dole ran mai hankali ya ɓaci. Inda muka rabu da Malam shi ne wurin neman mai laifi.

Hujjojinsa uku ne. Ta farko, tun daga 1999 ƙungiyoyi suke ƙaruwa, masu fita zaɓe suna raguwa, don haka ƙungiyoyin ne suka janye su. Ta biyu, ƙungiya tana kwashe haziƙan matasa, ta shagaltar da su da tarukan bita da alawus, ta cusa musu cewa siyasa ƙazanta ce. Ta uku, duk rijiyar da ƙungiya ta haƙa da duk ajin da ta gyara, ta sauke wa gwamnati nauyi ne, ta kuma hucer da fushin da ya kamata talaka ya kai rumfar zaɓe. Daga nan ya yanke hukunci: matasa su bar ƙungiyoyi su koma jam'iyyu. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki, kuma in aka bi wannan shawara, ɗan wurin da ya rage wa talaka na koyon siyasa shi ma zai rushe.

Mu fara da alƙaluman. Gaskiya ne a 2003 hukumar zaɓe ta ce kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito, a 2015 abin ya sauko kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma kusan 27. Amma don abu biyu sun zo a zamani ɗaya, ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Su kansu manyan alƙaluman na baya akwai magana a kansu. Duk wanda ya yi wayo a 2003 da 2007 ya san rumfunan da ko akwati ba a kai ba, amma da yamma aka ji sakamakonsu a rediyo. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi mulki a 2007 yana da naƙasu, abin da ya sa ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ke nan. Da na'urar tantance katin zaɓe ta shigo a 2015, sannan na'urar BVAS a 2023, aringizon ƙuri'a ya ƙara wuya, adadin da ake faɗa ya matso kusa da gaskiya. Ke nan wani kaso na raguwar da Malam yake kuka a kai, ƙuri'un bogi ne suka ragu.

Sauran kason kuwa, a je a tambayi waɗanda ba su fita ba. Wani zai ce ya sha rana a layi sau da yawa, bai ga abin da ya canza ba. Wani zai ce 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, rumfarsa tana can, shi yana gudun hijira a nan. Wani zai tuna maka Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da ko na motar zuwa garinsu bai samu ba. Har yau ban gamu da wanda ya ce mini taron ƙungiya ne ya hana shi zaɓe ba.

Hujja ta biyu ta fi ba ni mamaki, domin tarihinmu yana gabas, ita tana yamma. Daga ina siyasar jam'iyyu ta fito a Arewa? A 1943 aka fara wani zaman tattaunawa a Bauchi, na malaman makaranta da ma'aikatan En'e, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke muhawara kan al'amuran jama'a. Da tambayoyin suka fara taɓa mulkin En'e, aka rufe zaman, su Zungur suka ci gaba da tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi. A Sakkwato, wani matashin malamin makaranta mai suna Shehu Shagari yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar zumuncin matasa. A 1948 Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. A shekarar ce kuma ƙananan ƙungiyoyi na Zariya da Kaduna suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Dakta Dikko ya shugabanta. Duk da wannan suna nata, a matsayin ƙungiyar al'adu da zumunci ta fara, sai a Oktoban 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC. Su ma mutum takwas ɗin da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, irin su Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, ba daga sama suka faɗo ba. A irin waɗannan ƙungiyoyi suka san juna, suka goge. Firayim Ministanmu na farko, da shugaban ƙasarmu na farko mai cikakken iko, da jagoran talakawa Aminu Kano, duk ƙungiya ce ta yaye su. Da a lokacin an ce musu su bar ƙungiya su shiga jam'iyya, wace jam'iyyar za su shiga?

Mai yiwuwa Malam ya ce wancan zamani daban, ƙungiyoyin yanzu daban. To bari in faɗi abin da nake gani a ƙungiyar ci gaban unguwar da nake zaune. Ana taro ne bayan la'asar a wani ajin firamare, dattawa da samari a takure kan bencin yara. In an buɗe da addu'a, sakatare ya karanto bayanin taron da ya gabata, ma'aji kuma ya buɗe littafinsa mai bangon kwali ya karanto kuɗin wata da aka tara da abin da aka kashe. A wani zama, da ya zo kan kuɗin yashin gyaran magudanar ruwa ya ce tifa biyu, sai wani tela da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, a gafarce ni, ni tifa ɗaya na ga an sauke." Aji ya yi tsit. Ma'aji dattijo ne, sa'an mahaifin telan, kuma kowa ya ga ransa ya sosu. Amma ya zaro rasit daga aljihun gaba ya miƙa, shugaba ya naɗa mutum biyu su je su gano, a zama na gaba suka dawo da bayanin inda aka sauke ta biyun. Ba a kama kowa da laifi ba, ba a kuma ce telan ya yi rashin kunya ba. A ranar ya gane cewa tambayar inda kuɗinsa suka shiga haƙƙinsa ne, kuma ana iya yi wa babba wannan tambaya cikin ladabi a samu amsa. A wane ofishin jam'iyya ake koyar da wannan?

Maganar magudanar ba ta tsaya nan ba. Da aka kawo magini ya yi lissafin kwalbatin bakin titi, aka ga ko shekara nawa za a yi ana karo-karo ba za a iya ba. Sai aka rubuta wa kansila takarda, aka tashi wakilai zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Can aka ce musu aikin ba ya cikin kasafin bana. Suka tambayi yaushe ake tsara na baɗi, wa ke sa aiki a ciki, wane titi ne na ƙaramar hukuma, wanne ne na jiha. Mutanen da a da ba su san sunan kansilansu ba, sai ga su sun san ɗan majalisar jiharsu, sun kuma san abin da za su tambaye shi in ya zo yawon neman ƙuri'a. Aikin gayya ne ya kai su ƙofar hukuma, ba wani ne ya yi musu lacca ba.

Masu bincike ma abin da suka gano ke nan. A 1995 Sidney Verba da abokan aikinsa biyu sun fitar da sakamakon wani babban nazari da suka yi a Amurka, bayan sun tattauna da dubban mutane. Sun tarar dalilai uku ne ke hana mutum shiga harkar siyasa: ko ba shi da hali, wato lokaci da kuɗi da ƙwarewa, ko ba shi da sha'awa, ko kuma babu wanda ya gayyace shi. Suka kuma nuna cewa ƙwarewar, irin su jagorantar taro da rubuta takarda da tsayawa gaban mutane a yi magana, mai ƙaramin ƙarfi ya fi samunta a ƙungiyoyi da wuraren ibada, tunda wurin aikinsa ba ya ba shi wannan dama. Wani zai ce ai masu sha'awar al'amuran jama'a ne dama suke shiga ƙungiya, ba ƙungiyar ce ta sa musu sha'awar ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ko a haka aka tsaya, maganar Malam ta faɗi, domin an yarda ke nan cewa 'yan ƙungiya su ne a sahun gaba wajen fita, ba su ne suka noƙe ba.

Akwai kuma waɗanda rubutun Malam ya manta da su ɗungurungum, wato mata. Sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin kaɗa ƙuri'a, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan haka. Har gobe mafi yawan matanmu, wurin da suka fara zaɓen shugaba da hannunsu, ko suka fara riƙe littafin kuɗi, shi ne Islamiyyar matan aure, ko ƙungiyar adashi, ko reshen wata ƙungiya irin FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. A ce wa irin wannan baiwar Allah ta bar nan ta koma jam'iyya, inda ake yanke manyan shawarwari da tsakar dare a gidajen manya, daidai yake da a ce mata ta koma ɗaki ta zauna. Majalisar Dattawa mai kujeru 109, matan da zaɓen 2023 ya kai cikinta ba su wuce huɗu ba. Ba ƙungiyoyi ne suka tsayar da 'yan takarar ba.

Saura hujja ta uku, cewa aikin agaji yana lulluɓe gazawar gwamnati. Wannan yana faruwa, ban musa ba. Amma a dubi Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan yankin, har aka rasa aƙalla 400. Ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, MSF, ta zo tana ba da magani, amma a Bagega ta ce maganin ba zai yi amfani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke cikin gidaje, tunda yaron da aka yi wa magani cikin gubar zai koma. Kwashe ƙasar kuwa aikin gwamnati ne. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, watanni suka yi ta wucewa shiru. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin da ya zama Follow The Money, suka haɗa kai da wasu ƙungiyoyi, suka yi ta kururuwa a kafafen yaɗa labarai da intanet har aka saki kuɗin a farkon 2013. A nan masu agajin ne suka nuna da yatsa inda aikinsu ya ƙare, inda na hukuma ya fara. Wanda ya shiga ƙauye da magani a hannu ya fi kowa sanin abin da gwamnati ba ta yi ba.

Haka abin yake a maƙwabciyarmu Nijar. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka cika titunan Yamai, saboda kwamitin shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a cikinsa. Ƙungiyoyinsu ne suka fito da su, aka ƙara musu kujeru, kuma har yau wannan rana ita ce ranar matan Nijar. A 2005, da gwamnatin Tandja Mamadu ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi, gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin su Nuhu Arzika ce ta sa aka rufe kasuwanni da shaguna a manyan birane har gwamnati ta ja da baya. In wannan ba siyasa ba ce, mece ce siyasa? Kuskuren Malam shi ne ya taƙaita ta ga ƙuri'a da katin jam'iyya, alhali zaɓe yini ɗaya ne a shekara huɗu, sauran kwanakin kuwa dole a samu masu bin sawun abin da aka zaɓa.

Duk da haka, akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai ƙungiyoyin cikin jaka: mutum ɗaya da takardar rajista da hatimi, shi ne shugaba, matarsa ma'aji, ƙaninsa sakatare. Akwai tarukan bita na otal da ake zuwa don a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a ɗauki hoto gaban kyalle, a watse. Akwai ma waɗanda suka fi haka muni. Ƙungiyar ABN ta Arthur Nzeribe ce ta garzaya kotu a 1993 don a hana zaɓen 12 ga Yuni. Ƙungiyar matasan nan ta Daniel Kanu ce ta shirya gangamin Abuja a 1998 don Janar Abacha ya zarce. A 2021 wani bincike da cibiyar Carnegie ta wallafa ya ƙirga ƙungiyoyi aƙalla 360 a Najeriya da ba su da aiki sai yabon masu mulki da kare su. Tarihin Jamus ma gargaɗi ne: masaniya Sheri Berman ta nuna cewa kafin hawan Hitila ƙasar cike take da ƙungiyoyi, amma da yake jam'iyyun sun yi rauni, 'yan Nazi suka kutsa cikin ƙungiyoyin suka yi amfani da su. Don haka na yarda ƙungiya ba ta maye gurbin jam'iyya, kuma ba duk mai suna ƙungiya ce alheri ba.

Sai dai maganin wannan shi ne a rarrabe, ba a yi musu kuɗin goro ba. Ma'aunin ba shi da wuya. Wa ke ba da kuɗin da ake aiki da su? Wa ya zaɓi shugaban? Wa zai iya sauke shi? In amsar duka ita ce mambobi, to wannan wuri yana tarbiyyar 'yan ƙasa, ko da ƙungiyar direbobi ce ko ta 'yan kasuwar hatsi ko ta tsofaffin ɗalibai. In kuwa amsar ita ce wani mai kuɗi a Abuja ko a ƙetare, to kamfani ne ko 'yan amshin shata. Malam ya kalli nau'i na biyu, wanda ya fi fitowa a talabijin, ya yanke wa na farko hukunci, alhali na farkon ne ya cika unguwanni da ƙauyuka.

Sannan ita jam'iyyar da ake tura matasa, a wane hali take? Ofishinta na mazaɓa yana kulle da kwaɗo sai kakar zaɓe ta zo. Ba a karɓar kuɗin wata, ba a karanta lissafi, ɗan takara kuwa ɗauki-ɗora ake yi, ko a sayi daliget. A 2022 jam'iyya mai mulki ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na Majalisar Wakilai miliyan 10, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Matashin da ya shiga irin wannan wuri shi kaɗai, ba jama'a a bayansa, abin da ke jiransa shi ne riƙe jakar wani ko zama ɗan jagaliya. Ko ƙofar da aka ɗan buɗe wa matasa, ƙungiyoyi ne suka tura ta. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wanda ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, gangamin ƙungiyoyin matasa ne ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar YIAGA ya kawo shi.

In akwai abin da ya kamata a yi wa ƙungiyoyinmu faɗa a kai, to wannan magana ce da shugabanninsu suka saba buɗe taro da ita: "Mu ba ruwanmu da siyasa." Na san abin da suke gudu, kada rigimar jam'iyya ta raba kan mambobi, kuma suna da hujja. Ƙungiya kada ta ɗaga hannun kowa, kada ta karɓi buhun shinkafar kowa. Amma ta tabbata duk mambanta da ya kai shekara 18 yana da katin zaɓe. Ta gayyaci duk 'yan takarar mazaɓarta, na kowace jam'iyya, su zauna gaban mutane su amsa tambayoyi, sakatare ya rubuta alkawuran da suka ɗauka. Ta nemi kwafin kasafin ƙaramar hukumarta, musamman tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In kuma a cikinta an samu wanda aka gwada amanarsa shekara da shekaru a kan littafin ma'aji, mambobi a ƙashin kansu su ƙarfafa masa gwiwa ya nemi kansila.

Malam yana son matasa su shiga jam'iyyu, ni ma haka nake so. Amma ina so su shiga da abin da suka koya a ƙungiya: su nemi a kira taron mazaɓa, su nemi a karanta lissafi, su ƙi yarda a naɗa musu shugaba ba da ƙuri'arsu ba. Jam'iyyunmu ba za su gyaru da ƙarin masu tafi ba, sai da mutanen da suka saba tambaya, kuma suke da jama'ar da za ta tsaya musu in sun tambaya. Irin waɗannan mutane a ƙungiya ake samar da su. Ina roƙon Malam, da wannan alƙalami nasa mai kaifi, ya taya mu matsa wa ƙungiyoyin su kai aikinsu har ƙofar majalisa, maimakon ya kira matasa su watse daga cikinsu.